Yadda Ruwan Kwata Ke Tona Asirin Cuta

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Katako a garin Jos da damina, ya san yadda kwatoci ke cika su tumbatsa, su ɗebi dattin gidaje da na kasuwa su gangara da shi. Mai wucewa ba abin da ya ke yi sai ya toshe hanci ya tsallake. Amma ga masana kiwon lafiya, irin wannan baƙin ruwa tamkar wasiƙa ce da unguwa ke rubutawa kowace safiya game da lafiyar mutanenta, sai dai ba kowa ya iya karanta ta ba.

Dalili kuwa shi ne, akwai cututtuka da dama da ƙwayoyinsu ke fita ta bayan gida, kamar su shan inna da amai da gudawa da zazzaɓin taifot. Shan inna ta fi su wayo. A cikin yara wajen 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai ƙafarsa ko hannunsa zai shanye. Sauran suna nan suna wasa garau, alhali suna zubar da ƙwayar makonni da yawa. Saboda haka idan aka ce sai an ga gurgu kafin a san cuta ta shigo gari, to, an makara.

Ba yau aka gano wannan dabara ba. Tun a 1939 waɗansu likitoci a Amurka suka sami ƙwayar shan inna cikin ruwan ƙazantar birane. A Nijeriya kuwa an soma aikin ne a Kano cikin 2011, tare da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, sa'an nan a 2012 aka kai shi Sakkwato da Legas, daga baya ya bazu zuwa sauran jihohi. Ba banza aka fara da Kano ba. A nan ne aka dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004 saboda jita-jita, cutar ta sami sarari ta yaɗu har ƙasashen waje.

Yadda a ke aikin ba wuya a ido. Da yake yawancin garuruwanmu ba su da manyan bututan ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa irin na Turai, sai a zaɓi babbar kwata wadda ruwan unguwanni masu cunkoso ke haɗuwa a cikinta, kamar ta Jakara a Kano. Ma'aikaci ya zo da safe, lokacin da jama'a suka fi shiga bayan gida, sanye da safar hannu da takalmin roba, ya ɗebi abin da bai gaza lita guda ba. A rufe shi, a rubuta wuri da rana, a sa cikin akwatin ƙanƙara, a aika da shi ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Ibadan. Can za a tace ruwan, a tattara ƙwayoyin wuri ɗaya, a raine su, har a gane irinsu da kuma zuriyar da suka fito. Da an ga alama, sai a tura masu rigakafi gida gida a unguwannin da ruwansu ke bi ta wannan kwata.

Aikin ya biya. Yaro na ƙarshe da shan inna ta asali ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila cikin watan Yuli na 2014, na ƙarshe a ƙasar baki ɗaya kuwa a Jihar Borno cikin 2016. Ran 25 ga watan Agusta 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita, kuma gwajin ruwan kwata na daga cikin shaidun da aka dogara da su.

Sai dai fa da sauran rina a kaba. Maganin da a ke ɗigawa yara a baki yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana. Inda aka yi wa kowane yaro, ba ta da wurin zuwa, sai ta mutu. Inda kuwa aka bar yara da yawa ba rigakafi, ta kan yi ta yawo daga wannan zuwa wancan har ta sake yin ƙarfi. Irin wannan ce aka gano a ruwan kwatar Maiduguri a 2016, ita ce kuma aka gano a London da New York a 2022. Maganinta dai ɗaya ne, watau a yi wa kowane yaro rigakafi.

Dabarar tana da iyakarta. Gidan da ke amfani da masai wanda bai haɗu da kwata ba, labarinsa ba ya isa wurin masu gwaji. Baƙin mai da ruwan rini da a ke zubarwa cikin magudana su kan kashe ƙwayoyin kafin a ɗebo su, sai gwaji ya nuna lafiya alhali ba lafiya. Haka nan ruwan ba ya faɗin sunan kowa ko gidan kowa, unguwa kawai ya ke nunawa. Don haka babu dalilin da zai sa a tsargu da mai ɗibarsa.

A wuri kamar Katako, inda fatake da 'yan gwanjo da masu sayen katako ke shigowa daga ko'ina suna cuɗanya, cuta ba ta neman izini kafin ta sauka. Abin da ya rage ga masu unguwanni da shugabannin kasuwa shi ne su hana toshe kwatoci da shara, su bai wa ma'aikatan lafiya haɗin kai in sun zo, iyaye kuma su fito da 'ya'yansu ranar rigakafi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, shan inna kuwa in ta riga ta sha, ba ta da magani.