Agogon hannu mai lokaci biyu: Abubuwan da ya kamata ka sani

Duk shekara in alhazan Jigawa suka tashi daga Dutse, gidaje da yawa a Auyo da Haɗejiya kan shiga lissafi: yanzu ƙarfe nawa a Makka? An idar da isha'i a can, ko in na kira Baba yana cikin Harami? Akwai agogon hannu da aka ƙera musamman don amsa wannan tambaya, kuma ba ya cin batir. Sai dai mutane da dama kan sayo shi tsaraba, ya lalace a hannunsu don kawai ba a nuna musu yadda ake bi da shi ba.

Me ke tafiyar da shi?

A cikinsa akwai wani ƙarfe mai siffar rabin faifai da ke lilo duk lokacin da hannunka ya motsa. Wannan lilon ne ke ɗaure sifirin, sifirin kuma ya riƙa sakin ƙarfinsa a hankali. Kamfanin Rolex ya fito da wannan tsari a 1931. In ka ajiye agogon, yawanci yakan yi kamar awa 40 kafin ya tsaya. Saboda haka wanda ya cire nasa ranar Juma'a ya tarar da shi shiru ranar Litinin, lafiyarsa ƙalau, wani yake so.

Don yi masa wanin, ka cire shi daga hannu tukuna, ka murza maɓallin gefe gaba kamar sau 20 zuwa 30 ba tare da ka ja shi waje ba. Tsofaffin Seiko 5, waɗanda iyayenmu suka sani sosai, akasarinsu ba a yi musu wani ta maɓalli. Girgiza su ake yi a hankali, dama da hagu, har su tashi.

Hannu na huɗu

Shi ne mai kan kibiya, galibi ja ko ruwan lemo. Sau ɗaya yake zagayawa a awa 24, kuma lambobin da ke kan zoben da ya kewaye gilashin ake karantawa da shi, daga 1 zuwa 24. An fara yayinsa ne a shekarun 1950, lokacin da Rolex ya yi wa matuƙan jiragen Pan Am agogon GMT-Master. A 2022 Seiko ya saka wannan hannu a jerin Seiko 5, farashi ya sauko sosai.

Saudiyya tana gabanmu da awa 2, rani da damina. In ƙarfe 12 na rana ta yi a Auyo, kibiyar ta tsaya kan 14. Dubai awa 3 ce, China awa 7, Ghana kuwa tana bayanmu da awa 1. Nijar lokacinmu ɗaya. Ingila ce mai rikici: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba muna daidai, sauran watanni tana bayanmu da awa 1.

Yadda ake saita shi

Nan ne aka fi yin ɓarna. In maɓallin mai ɗauri ne, sai ka kwance shi kafin ka ja. Mataki biyu ake jansa. Ja na biyu na saita lokaci ne, ja na farko na kwanan wata da kibiya: juyi ɗaya ya motsa wannan, ɗayan juyin ya motsa wancan.

Agogon da ya tsaya bai san dare ko rana ba. Don haka ka kai hannayen ƙarfe 6, ka sa kwanan watan jiya, sannan ka yi ta tura hannayen gaba har kwanan ya sauya. To, tsakar dare ke nan. Daga nan ka ci gaba zuwa lokacin da ake ciki. Kibiya ce ƙarshe, domin tana bin sauran hannayen in ana juya su.

Kada ka taɓa kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da 4 na asuba a fuskar agogon. A wannan tsakanin haƙoran ciki sun riga sun kama faifan kwanan, in ka tilasta sai haƙori ya karye.

Akwai wani nau'i mai tsada da hannun awa ke tsalle shi kaɗai, wanda ya fi dacewa da mai yawan tafiya. A ganina mazaunin gida da ke bibiyar ɗa ko miji a Makka ba ya buƙatar kashe wannan kuɗin.

Ruwa da ƙura

Mu mutanen fadama ne: su, noman shinkafa, ban-ruwa, ga alwala sau biyar. Rubutun "30m" a bayan agogo fantsalin ruwa kawai yake jurewa, ba shiga kogi ba. Ka tabbata maɓallin ya koma ciki ya ɗauru kafin ka kusanci buta, haka ma lokacin hunturu, don ta nan ƙura ke shiga. Kada ka kwantar da shi kan lasifika ko rediyo, maganaɗisu na sa shi gudu. In ka ga raɓa ta kwanta a cikin gilashi, ka kai wa mai gyara a ranar ya buɗe ya busar, domin tsatsa kan kama ƙarafan ciki cikin 'yan kwanaki.