Fitilar Ruwa Mai Kamawa Ta Ɗauke: Ƙarya Take Yi Ko Gargaɗi?

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta zube, sayen mota ya gagari jama'a da yawa. Wanda a da yake canja 'yar Kwatano duk bayan 'yan shekaru, yau lallaɓa tsohuwar Golf 3 ko Peugeot 406 ɗinsa yake yi. Yawancin motocin nan sun haura shekara 20 suna cin kwalta, kuma da zarar zafin Maris da Afrilu ya kankama, sai tsohuwar gardama ta dawo a gareji da tashoshin mota: fitilar ruwan da ke kamawa ta ɗauke da kanta, a kula ta ko a share ta?

Amsar da aka fi ji ita ce, "Rabu da ita Alhaji, sensa ce." Daga nan sai mai wayarin ya zare soket ko ya haɗe wayoyi biyu, wani direban ma salatif yake mannawa a kanta don kada ta dame shi. Hujjarsu ita ce da matsalar ta gaske ce, da fitilar ta tsaya cak ba ta ɗauke ba. Wannan hujja tana ba ni haushi, domin baibai ta ɗauki zancen. Mai zazzaɓin cizon sauro yakan kwana jiki rau, ya wayi gari garau, amma ba mai hankalin da zai ce ya warke. Likita ma abin da yake fara tambaya shi ne yaushe zazzaɓin ke zuwa. Fitilar ruwa haka take: lokacin da take kamawa shi ne rabin amsar.

Abu biyu fitilar ke iya nufi, ko ruwa ya yi ƙasa, ko injin ya yi zafi. A tsofaffin Volkswagen fitila ɗaya ce ke ƙifta wa duka biyun. A wasu motocin Japan kuwa akwai shuɗiya da ke kamawa da safe, wadda ke nufin injin bai ɗumama ba tukuna, ba ta da wata illa. Ja ita ce abin tsoro.

Idan jar fitilar na kamawa da sanyin safiya, ta ɗauke bayan an yi tafiyar minti goma, kusan kullum ruwa ne ya ragu. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi, sai ya tashi ya rufe sensar, fitila ta mutu, mai mota ya ce ta gyaru. Haka nan idan tana kamawa a kwana, ko a gangara, ko in an taka birki da ƙarfi: ruwan ne ya yi ƙasa har yake tangaɗi a cikin robar ajiyarsa. A nan tambayar ita ce ina ruwan yake tafiya, domin mota mai lafiya ba ta shan ruwa kowane mako. A duba tiyo da bakin kilif, a duba ƙarƙashin famfon ruwa, a nemi farin busasshen tabo a gefen lagireto, a taɓa kafet ɗin ƙafar fasinja ko ya jiƙe. Wani yoyon ba ya sauka ƙasa, a kan injin yake bushewa, sai an matsa wa layin iska da famfon gwaji yake bayyana.

Idan kuwa a cunkoso take kamawa, ta ɗauke da an hau babban titi, fanka ce abin zargi, ko fiyus, ko rile. Iskar gudu ce ke rufa mata asiri. In akasin haka ne, wato tana kamawa a doguwar tafiya ko hawan tudu irin na hanyar Jos, ta lafa a cikin gari, to lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji.

Gaskiya ne, wani lokacin sensar ce. A Golf wasu ƙarafa biyu ne ke tsome cikin ruwan, tsatsa da dattin ruwa sukan lulluɓe su. A wasu motocin ɗan abu ne mai yawo a saman ruwa, yakan maƙale. Waya ma takan yi laushi ta riƙa taɓawa tana saki a kan gargada. Amma wannan hukunci a ƙarshe ake yanke shi, bayan an auna ruwa injin na sanyi na kwanaki an ga bai motsa ba. Maganinsa kuma wankewa ne ko sayen sabuwa a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, ba yanke waya ba.

Kada kuma a dogara da allurar zafi kaɗai. Sensar zafi ruwa take aunawa. In ruwan ya tsiyaye ya bar ta a sarari, allura na iya zama daram a tsakiya alhali kan injin yana ƙonewa. Fitilar da aka kashe ita ce za ta yi magana a wannan lokaci.

Akwai ɗabi'u biyu da ke haifar da rabin wannan wahala. Ta farko ɗura ruwan rijiya ko na burtsatse zalla, wai ai ƙasarmu ba ta ƙanƙara. Ruwan kulan ba don sanyin Turai kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa, kuma in an haɗa shi rabi da rabi sai ya kai kusan digiri 107 kafin ya tafasa, maimakon 100. Murfin lagireto mai kyau yana riƙe matsi ya ɗaga wannan ya wuce 120, shi ya sa murfin da robarsa ta mutu kan zubar da ruwa a ɓoye. Ta biyu cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye. An ƙera injin ya yi aiki a wajen digiri 90. Wanda aka cire wa tamostat yana daɗewa bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, ainihin cutar kuma tana nan an dai lulluɓe ta.

In ja ta kama ana tafiya, a sauka gefe a kashe mota. Kada a buɗe murfi sai injin ya huce sarai, domin tururin yana saɓule fata. In ana ganin kumfa na tasowa a robar ruwa, ko farin hayaƙi mai kauri a salansa bayan injin ya ɗumama, ko baƙin mai ya yi fari-fari, to gasket ya fara tafiya, ci gaba da tuƙi kuma kashe injin ne. Ruwan kulan guba ne mai zaƙi, a nisanta shi daga yara da dabbobi.

Jami'an da ke tare hanya sukan tambayi takardu da tukunyar kashe gobara, kuma hakkinsu ne. Sai dai motar haya mai cike da fasinja, wadda aka toshe bakin kowace fitilar gargaɗinta, takan wuce su salin-alin. Kafin hukuma ta waiwayi wannan, fasinja da mai mota su ne ke biyan kuɗin, wani da kwanan daji, wani da sayen injin. Murfi, tiyo ko sensa kuwa duk ba su kai kuɗin cika tanki ɗaya ba.