Kariya Daga Rana Ga Waɗanda Aka Yi Wa Maganin Ciwon Daji Na Fata

Muna jawo hankalin jama'a, musamman mazauna karkara da shugabanninsu, a kan kula da waɗanda aka sallamo daga asibiti bayan an yi musu maganin ciwon daji na fata. Da yawa sukan ɗauka cewa da zarar an yi tiyata miki ya warke, shi ke nan an rabu da cutar. Alhali kuwa wanda ya taɓa yin wannan ciwo ya fi kowa haɗarin sake yin sa, ko a wurin da aka yanke ko a wani wuri dabam.

Dalili shi ne, a cikin hasken rana akwai wani nau'in haske da ido ba ya gani, wanda yake ɓata ƙwayoyin fata sannu a hankali, ɓarnar kuma taruwa take yi shekara da shekaru. Baƙin launin fata yana tare wani kaso na wannan haske. Shi ya sa 'yan'uwanmu zabiya, waɗanda aka halitta ba tare da isasshen wannan launi ba, suka fi fama da cutar, galibi a fuska da kunne da leɓe da wuya, tun suna da ƙuruciya. Haka nan tabon tiyata da wurin da aka yi wa gashi da na'ura sukan daɗe ba su jure rana ba, ko da mutum baƙi ne.

Hasken ya fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma, wato daga hantsi zuwa La'asar. Wanda ba shi da agogo sai ya dubi inuwarsa: in ta fi shi gajarta, lokacin neman inuwa ya yi. Manomi ya yi sammako ya tashi da hantsi, ya koma bayan La'asar. Kada hadarin damina ko hazon hunturu su ruɗi kowa, domin hasken yana ratsa su.

Sutura ita ce kariya mafi sauƙi da arha. A sa riga mai dogon hannu da wando har idon sawu, na yadi mai kauri. A ɗaga yadin a duba, in haske yana ratsa shi to bai isa ba. Hula ba ta rufe kunne da ƙeya, don haka malfa mai faɗi ko rawani sun fi. Mata su yi amfani da mayafi mai kauri da lema.

Wuraren da tufa ba ta rufewa a shafa musu man kariya daga rana, wanda aka rubuta SPF 30 ko fiye a jikinsa, zabiya kuwa SPF 50. A shafa kamar minti 20 kafin fita, a maimaita bayan kowace awa 2, da bayan alwala ko gumi mai yawa. Ba a shafa shi a kan mikin da bai rufe ba. Man kaɗanya da basilin ba sa maye gurbinsa, man bilicin kuwa ƙara raunana fata yake yi. A shekarar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man kariya daga rana cikin jerin muhimman magunguna.

Sau ɗaya a wata a duba jiki duka da rana tsaka a cikin inuwa, wani na gida ya duba baya da ƙeya da tafin ƙafa. In an ga mikin da ya yi makonni bai warke ba, ko ƙurji mai ɓawo da yake zubar da jini, ko tabon da yake girma ko sauya launi, ko kaluluwa a wuya ko hammata ko matsematsi, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da likita ya sa ba. Kada a yi sakiya ko a ɗaura magani a kai, domin jinkiri ne yake mayar da ƙaramin aiki babba. Asibitocin koyarwa na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna karɓar masu wannan larura.

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni su faɗakar da jama'a cewa wannan ciwo ba a ɗaukarsa ta hanyar cuɗanya, kuma ba sammu ba ne. Shugabannin makarantu su bar yara zabiya su sa malfa da dogon hannu, su ɗauke musu tsayuwa da shara a rana. Ƙananan hukumomi su taimaka da kuɗin mota zuwa ganin likita, su kuma ba irin waɗannan bayin Allah rumfa a kasuwa ko aikin da ake yi a inuwa.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.