Kafin a fasa dutsen garinku: abin da ya kamata ku sani

Duk wanda ya bi hanya daga Kazaure zuwa Roni ya san ƙasar duwatsu ce. Aikin titi da gine-gine kuwa kullum ƙaruwa suke, tsakuwa na ƙara daraja. Don haka mutanen wannan yanki, har Gwiwa da Kanya Babba ta ƙasar Ɓaɓura, ya kamata su san haƙƙinsu tun kafin tifa ta fara zarya.

Abu na farko yana da ɗaci. Gonar taka ce, amma Kundin Tsarin Mulki na 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun damƙa ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya. Lasisin kamfanin fasa dutse daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya yake fitowa, na shekara 5, ana sabuntawa. Takardar dagaci ko ta ƙaramar hukuma ba ta maye gurbinsa.

Sai dai dokar ba ta bar talaka haka nan ba. Mai neman lasisin yana buƙatar amincewar mai filin a rubuce, kuma wajibi ne ya biya diyyar amfanin gona da itatuwa da ginin da aikinsa ya lalata. Kafin ya fara aiki, dole ya ƙulla yarjejeniyar ci gaban al'umma da mutanen wurin, wadda za a riƙa sake dubawa duk shekara 5. A nan ne ake rubuta batun ruwa, makaranta, ɗaukar 'yan gari aiki da gyaran hanyar da manyan motoci za su farfasa. A ganina nan ne ake yawan cutar mutanen karkara: a kira dattawa biyu ko uku, a ba su goro, su dangwala yatsa a takardar da ba wanda ya karanta musu. Alkawarin baki yana da wuyar tsayawa a gaban alƙali.

Akwai kuma maganar tazara. Ƙa'idojin hukumar kare muhalli ta NESREA na 2013 sun hana kafa wurin fasa dutse ko tayar da nakiya a cikin kilomita 3 daga gidajen mutane. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ba jama'a damar duba rahoton binciken da aka yi, su faɗi ƙorafinsu kafin a amince.

Ba don ado aka sa waɗannan sharuɗɗa ba. Girgizar nakiya tana tsaga bango, balle ginin laka. Ƙurar dutse mai laushi tana taruwa a huhu shekara da shekaru, ta jawo ciwon da ba ya warkewa, ta kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka. Yayyafa ruwa lokacin huda da niƙa yana rage ta ƙwarai. Ramin da aka bari kuwa da damina kududdufi ne mai zurfi, yara da dabbobi ke faɗawa. Doka ta ɗora wa mai lasisi gyara wurin bayan ya gama. Ko a Abuja, bayan motsin ƙasar da aka ji a Mpape a watan Satumba na 2018, sai da gwamnati ta dakatar da fasa dutse a yankin.

Idan an saɓa waɗannan sharuɗɗa, ku rubuta koke, ku haɗa da hotuna da kwanan wata, ku bi ta hannun hakimi zuwa ma'aikatar muhalli ta jiha a garin Dutse da ofishin NESREA. Amma tun farko, duk kamfanin da ya zo, ku ce ya nuna lasisinsa da takardar amincewar muhalli, ku samo ɗan gari mai ilimi ya karanta yarjejeniyar a bainar jama'a, da Hausa, kafin kowa ya sa hannu.