Katunan da 'Yan Wasa Suka Fi So: Nazari a kan Hausar Masu Karta a Wuse

Gabatarwa

Hausa ba harshen gidanmu ba ne. Kafin in fara nazarinta a aji, a kan benci na tsince ta, a rumfar wani mai shayi da ke kusa da kasuwar Wuse a Abuja, inda teloli da 'yan dako da yaran 'yan canji na Zone 4 ke haɗuwa bayan sallar isha'i su buga kartar Whot. Da na ce wa wani abokin karatuna ina so in yi rubutu a kan maganganun da ake yi a wurin, sai ya ce mini wannan ai Hausar 'yan caca ce, ba ta cancanci shiga mujallar ɗalibai ba. Wannan ɗan rubutu amsa ce gare shi. Abin da zan nuna shi ne, katunan da 'yan wasa suka fi so su ne suka fi samun suna, kuma a cikin sunayen nan mai nazari zai ga yadda Hausa ke karɓar baƙuwar kalma ta mayar da ita 'yar gida.

Asalin wasan da tsarinsa

Wani Baturen Ingila mai suna William Storey ne ya ƙirƙiro Whot, ya yi masa rajista a shekarar 1935. Daga baya kamfanin Waddingtons ya ci gaba da buga shi. A can ƙasarsa wasan ya ja baya, amma a Nijeriya ya samu gindin zama, har wasu na ɗauka a nan aka haife shi.

Kwalin da muke wasa da shi yana da kati 54, masu siffa biyar. Masu da'ira 12 ne, masu kusurwa uku 12, masu gicciye 9, masu murabba'i 9, masu tauraro 7. Sauran biyar ɗin su ne masu lamba 20, waɗanda aka rubuta wa sunan wasan. Lambobin suna tafiya daga 1 zuwa 14, amma babu 6 babu 9, lambobi biyun da in aka juya ɗaya sai ya koma kamar ɗaya. Ana raba wa kowa 'yan katuna, a kife sauran a tsakiya. Wanda layi ya zo kansa zai sauke katin da ya dace da na ƙasa, ko a siffa ko a lamba. In ba shi da shi, sai ya ja ɗaya daga tarin da aka kife. Wanda ya riga kowa ƙarar da na hannunsa shi ya ci.

Katuna masu iko

Rabin katunan ba su da wani aiki sai cike layi, kuma da lambarsu kawai ake kiran su: bakwai, goma, sha uku. Shida ne suke da iko, su ne kuma ake hira a kansu.

Lamba 1 tana tsayar da kowa, wanda ya sauke ta ya sake wasa. Lamba 2 tana sa na gaba ya ja kati biyu, lamba 5 kuma uku. Lamba 8 tana tsallake na gaba. Lamba 14 tana tura kowa ya ja ɗaya, ban da wanda ya sauke ta. Ita kuwa 20 ana sauke ta a kan kowane kati, mai ita ya faɗi siffar da yake so a bi.

Na lura kowa da gwaninsa. Samari masu zafin kai sun fi son 2 da 5, don daɗin ganin abokin hamayya yana jan kati yana tsaki. Wani dattijon tela da muke kira Baba ya fi son 1 da 8. Yakan tara su shiru, sai ya ga saura kaɗan ya jero su ɗaya bayan ɗaya, ya gama wasa ba wanda ya samu damar motsi. Idan mutane sun kai biyar ko shida, 14 ce sarauniya, domin da kati ɗaya an ƙara wa kowa kaya.

Ni kuwa da farko 20 ce gwanata, kuma ita ta fara kayar da ni. Na riƙe guda biyu ina jiran lokacin da ya fi dacewa, har tarin tsakiya ya ƙare ba wanda ya gama. A irin wannan hali lissafi ake yi: kowa ya haɗa lambobin da suka rage a hannunsa, tauraro a ninka shi biyu, wanda jimlarsa ta fi yawa shi aka fitar. Katuna biyun nan kaɗai suka ɗora mini 40. Baba ya dube ni ya ce, "Yaro, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kati mai nauyi ba a kwana da shi." Na ce, "Na ji, Baba." Tun daga ranar ban sake jinkirta ta ba.

Yadda "kwamanda" ya shigo rumfarmu

Wani matashi mai gyaran waya a wajen Banex, a Wuse II, shi ya fara kiran 20 da suna "kwamanda". Da na tambaye shi dalili, sai ya nuna mini wani wasa da yake kallo a intanet, wato Magic: The Gathering. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya tsara shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. A wannan wasa ba kwali ɗaya ake rabawa ba. Kowa yana sayen katunansa, ya yi musaya da wasu, ya haɗa nasa tarin ya zo da shi.

Akwai wani salon buga shi da ake kira Commander, wanda kamfanin ya fara fitar wa da katuna na musamman a 2011. Galibi mutum huɗu ke zama, kowa da kati 100 da maki 40 na rai. Ɗaya daga cikin ɗarin shi ne jagora, ana ajiye shi a gefe a fili, kuma launinsa ne ke iyakance irin katunan da za su shiga tarin. Saboda haka zaɓen jagora shi ne zaɓen salon wasan mutum gaba ɗaya. Sau da yawa a shekara ana buga sababbin katuna, 'yan wasa su yi ta muhawara a kan wanne ya fi. Kuɗi kuma suna shiga sosai. A 2023 mawaƙin nan Post Malone ya sayi wani kati da guda ɗaya tak aka buga a duniya a kan kuɗin da ya kai dala miliyan 2. A watan Satumba na 2024 kuma, da kwamitin dokokin Commander ya haramta wasu katuna huɗu, farashin masu tsada daga cikinsu ya faɗi, rigima ta kaure, har kwamitin ya miƙa wa kamfanin ragamar dokokin.

Bambancin a bayyane yake. A can, mai kuɗi yana iya zuwa da katin da talaka ba shi da shi. A rumfar mai shayi, kwali ɗaya ne, ɗan dako da ɗan canji hannu ɗaya ke raba musu. Ba a buga mana sabon kati. Abin da ke zama sabo a wurinmu doka ce ko suna. Wani teburin ya yarda a kare 2 da wata 2, na gaba ya ja huɗu, wani bai yarda ba. Wani ya hana gama wasa da kati mai iko. Shi ya sa baƙo mai hankali ke fara tambaya, "Malam, yaya dokarku take a nan?" kafin ya karɓi kati.

Abin da ɗalibin harshe zai tsinta

Kalmomin wasan nan da Turanci suka zo, kuma na ga hanyoyi uku da suke bi su shiga bakin Bahaushe.

Ta farko ita ce aro tare da hausantarwa. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, don haka sunan gicciye ya zama "kuros", an cusa wasali a tsakani kamar yadda aka yi a "burodi" da "direba". Sautin p na Turanci yakan koma f, shi ya sa murabba'i ya zama "kafet", kalmar da mai gama wasa ke faɗi kuma ta zama "cekof", kamar dai "kofi" da "fasinja". Sanarwar da ake yi idan kati ɗaya ya rage wa mutum kalma biyu ce a Turanci, amma a rumfarmu ta dunƙule ta zama "laskat". Wanda ya manta bai faɗe ta ba, tarar kati ake ɗora masa.

Ta biyu ita ce fassara. Maimakon "fik tu" sai ka ji "ɗau biyu" ko "ja biyu". Maimakon "janar maket" sai ka ji "kowa ya tafi kasuwa". Da'ira, wadda masu Turancin buroka ke kira "bol", takan koma "ƙwallo".

Ta uku, wadda ta fi ba ni sha'awa, ita ce faɗaɗa ma'ana. Da zarar tarin tsakiya ya samu sunan "kasuwa", sai ya jawo danginsa. Wanda ya yi ta ja bai samu abin da yake nema ba, sai a ce kasuwa ta yi masa gardama. Idan tarin ya ƙare, sai a ce kasuwa ta tashi. Babu Baturen da ya koya wa kowa wannan. Haka "kwamanda", tsohuwar kalmar aro ta aikin soja, ta samu sabon aiki a kan benci.

Na kuma lura cewa zaɓen kalma yana bin wanda ke zaune. Idan duk Hausawa ne, fassara ke rinjaye. Idan Ibo ko Bayarabe ko Bagwari ya shigo, sai a koma kalmomin aro don kowa ya fahimta. Wuse matattara ce, kuma a wasa ɗaya mutum zai iya jin harshe uku.

Kammalawa

Game da zargin abokina, gaskiya ne sunan karta ya daɗe da haɗuwa da na caca, kuma caca abar ƙi ce a addini da al'ada. Akwai inda ake sa kuɗi, ban musa ba. A rumfarmu ba a sawa, wanda aka fitar shi ke cuɗa katuna ya raba, ya sha tsiya. Ko da ma ana sawa, aikin mai nazarin harshe shi ne ya rubuta abin da mutane ke faɗi. Muna nazarin Hausar rukuni ta mahauta da 'yan tasha da 'yan kasuwa, ban ga dalilin tsallake ta masu karta ba.

Ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman na Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, idan an tafi hutu kowa ya saurari yadda ake kiran waɗannan katuna shida a unguwarsu, ya rubuta, ya kawo. Idan muka jera su, za mu ga inda karin harshe ya bambanta da inda ya haɗu. Allah ya ƙara mana basira, amin.