DINKEL, TSOHUWAR ALKAMAR TURAI DA AKE CI DA DUSARTA

Kowane manomi ya san hatsi ba iri ɗaya ba ne. Akwai zongo mai dogon kai, akwai ankutes mai gajeren kai, akwai maiwa mai daɗewa a gona. To, alkama ma haka take. A ƙasashen Turai akwai wata tsohuwar alkama wadda Jamusawa ke kira dinkel. Faransawa kuma suna ce mata efotar. Mutanen can suna dafa ta da dusarta, a madadin farar fulawa. Labarinta ya shafi duk gidan da ke sayen burodi ko fulawa, don yana nuna abin da ake asara idan aka raba ƙwaya da dusarta.

INDA AKE NOMA TA

Dinkel shukar ƙasar sanyi ce. Ana noma ta a kudancin Jamus, da ƙasar Suwis, da Ostiriya, da Beljika, da wasu wurare na Faransa. An fi shekara 4000 ana noma ta a Turai. Ana shuka ta wajen watan Oktoba. Takan tsiro, ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara duk lokacin sanyi, ba ta mutuwa. Sai watan Yuli ko Agusta ake girbe ta.

Karanta dogo ne, yakan kai ƙirjin mutum ko ya wuce. Tana jure ƙasa maras ƙarfi, da tudu mai duwatsu, da yawan ruwan sama. Inda sauran alkama ke kasawa, ita takan ba da wani abu. Don haka ne ta zama abincin talakawan kan duwatsu shekaru aru-aru. Wata mace mai ibada kuma masaniyar magani, Hildegard ta garin Bingen, wadda ta rayu daga 1098 zuwa 1179, ta yaba mata ƙwarai a cikin rubuce-rubucenta.

ABIN DA YA BAMBANTA TA DA SAURAN ALKAMA

Alkamar da aka saba gani, idan aka casa ta, sai ƙwaya ta fita tsirara, ƙaiƙayi ya tafi da iska. Dinkel ba haka take ba. Ɓawonta yana manne da ƙwaya, kamar ɓawon shinkafa. Ko an casa ta, ko an sheƙe, ɓawon yana nan. Sai an kai ta wurin injin da ke ɓare ta tukuna. Idan manomi ya kai kilo 100, abin da yake samu na tsabar ƙwaya wajen kilo 70 ne. Sauran duk ɓawo ne.

Ɓawon nan wahala ne, amma kuma kariya ne. Yana tsare ƙwaya daga tsuntsaye da laima, a gona da cikin rumbu. Shi ya sa manoma ke ajiye ta da ɓawonta, su kuma shuka ta da ɓawonta. Ɓawon da aka cire ba a zubar da shi. Ana shimfiɗa wa dabbobi, ana kuma cika matashin kai da shi.

YADDA TA KUSA ƁACEWA

Har wajen shekarar 1900, dinkel ce babbar cimar mutanen Shuwaben, a kudancin Jamus. Daga nan sai takin zamani da injunan noma suka yawaita. Aka fito da sabon irin alkama mai gajeren kara, mai son taki, mai yawan amfani. Ita kuwa dinkel, idan taki ya yi mata yawa, sai karanta ya ƙara tsawo, iska ta kwantar da ita. Ga kuma kuɗin ɓarewa. Sai manoma suka bar ta ɗaya bayan ɗaya. Zuwa wajen 1970, gonakinta kaɗan ne suka rage.

Amma wasu manoman kan duwatsu ba su yar da irinsu ba. Suka ci gaba da shukawa kowace shekara. Daga wajen 1980 sai mutanen birni suka fara neman abincin da ba a cire wa dusa ba, da wanda aka noma ba da takin zamani ko maganin ƙwari ba. Aka koma wurin waɗannan manoma neman iri. Yau dinkel ta fi alkamar fulawa tsada a kasuwannin Turai. Da iri ya ƙare a wancan lokaci, da babu abin da za a koma wa.

ABIN DA KE CIKIN ƘWAYA

Ƙwayar alkama, ko dinkel ce ko wata, kashi uku ce.

Na farko shi ne fatar waje, wadda ke zama dusa. Tana da abin da ke gyara ciki, ya hana bushewar bayan gida. Tana da bitamin da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke bukata don yin jini.

Na biyu shi ne ido, wato ɗan wurin da tsiro ke fitowa. Ƙarami ne, amma yana da mai da bitamin.

Na uku shi ne farin ciki. Shi ne ya fi yawa, ya fi kashi 80 cikin 100 na ƙwaya. Yana ba da ƙarfin aiki, yana ƙosarwa.

A manyan injunan niƙa, ana cire fata da ido, a bar farin ciki kawai. Ita ce farar fulawa. Kilo 100 na alkama kan ba da wajen kilo 75 na fulawa. Sauran kilo 25 yawanci dabbobi ake ba. A cikin giram 100 na dinkel mai dusa akwai wajen giram 14 na abin da ke gina jiki, da wajen giram 10 na abin da ke gyara ciki. Farar fulawa kuwa, abin gyaran cikinta bai wuce giram 3 ba. Sinadarin ƙarfenta ma bai kai rabin na cikakkar ƙwaya ba, sai fa idan an ƙara mata shi a masana'anta.

A nan akwai abin lura. Idan aka gwada dinkel mai dusa da alkamar gida mai dusa, bambancinsu kaɗan ne. Babban amfanin yana cikin dusar da ba a cire ba. Dinkel ma idan aka cire mata dusa, farar fulawa take zama kamar kowace.

YADDA AKE DAFA ƘWAYARTA

Ana dafa ƙwayar dinkel kamar shinkafa, sai dai ta fi shinkafa tauri.

1. A tsince ta, a wanke.
2. A jiƙa ta da dare, ta kwana cikin ruwa.
3. Da safe a zuba kwano 1 na ƙwaya cikin kwano 3 na ruwa.
4. Idan ta tafasa, a rage wuta, a rufe tukunya.
5. Bayan minti 40 zuwa 45 ta nuna. A sa gishiri, a tsiyaye sauran ruwa.

Wadda ba a jiƙa ba takan ci awa ɗaya ko fiye. Don haka jiƙawa tana rage cin itace. Ko ta nuna, ba ta caɓewa. Tana da ɗan tauri a haƙori da ɗan garɗi. Ana cin ta da miya, ko a haɗa ta da wake da albasa da mai, ko a zuba ta cikin romo. Idan aka ɓarza ta, ana yin fate ko kunu da madara don karin kumallo.

YADDA AKE BURODI DA GARINTA

Garin dinkel yana da danƙo, kamar na sauran alkama. Danƙon nan shi ke riƙe iska cikin kwaɓi, burodi ya kumbura. Amma danƙon dinkel ba shi da ƙarfi sosai. Masu gashin burodi na Jamus sun san dabaru uku a kan haka.

Ba sa daɗewa suna murza kwaɓin. Idan murza ta yi yawa, sai danƙon ya tsinke, kwaɓin ya saki.

Suna zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Kwaɓin dinkel yana son bazuwa, don haka sukan gasa shi cikin gwangwanin gashi, ya tashi sama.

Burodin dinkel yana saurin bushewa. Maganin wannan shi ne a ɗebi ɗan gari a dama shi da tafasasshen ruwa, kamar talge. Idan ya huce, sai a haɗa shi da sauran kwaɓin. Talgen yana riƙe ruwa, burodi ya kwana biyu ko uku da taushinsa.

Mutanen Shuwaben suna da wani abinci da suke kira shifetsile. Suna kwaɓa gari da ƙwai da gishiri da ɗan ruwa. Sai su riƙa yankan kwaɓin ƙanana-ƙanana suna jefawa cikin tafasasshen ruwa. Wanda ya taso sama ya nuna. Duk wadda ta iya ɗanwake ta gane wannan aiki.

TUMUN TURAWA

Akwai wata dabara ta lokacin wahala. A yankin Bauland na Jamus, wata shekara ruwan sama kan yi yawa gab da girbi. Manoma sukan ji tsoron kada amfanin gona ya ruɓe kafin ya nuna. Sai su yanke dinkel tun tana ɗanya, ƙwaya ta cika amma ba ta bushe ba. Su shanya ta bisa faffaɗan ƙarfe mai huji-huji, su hura wutar itace a ƙarƙashi, suna juyawa har ta bushe. Suna kiran ta gurunkern, wato koriyar ƙwaya. An sami sunanta a rubuce tun shekarar 1660.

Ƙwayar tana fita da ƙamshin hayaƙi. Ba ta tsira idan an shuka, garinta kuma ba ya yin burodi. Ana yin romo da ita, ko a ɓarza a dafa, a haɗa da albasa da ƙwai, a soya kamar ƙosai. Wannan ɗan'uwan tumu ne, wanda ake gasawa kafin sabon hatsi ya isa girbi. Can ma tsoron yunwa ne ya koya wa mutane, yau kuma ta zama abincin marmari.

ABIN DA ZA A KIYAYE

Gari mai dusa ba ya daɗewa kamar farar fulawa. Man da ke cikin idon ƙwaya yakan lalace, gari ya yi ɗaci da wari, musamman lokacin zafi. Gara a ajiye ƙwaya, a riƙa niƙa abin da za a ci cikin ƴan kwanaki.

Akwai mutanen da cikinsu ba ya ɗaukar danƙon alkama sam. Wajen mutum 1 ne cikin 100. Idan sun ci, sai zawo da kumburin ciki da rama. Wasu suna tsammani dinkel ba ta cutar da irin waɗannan mutane. Kuskure ne. Dinkel alkama ce, tana da wannan danƙo. Yaron da ke zawo da rama duk lokacin da ya ci burodi ko taliya, a kai shi gidan likita. Hatsi da dawa da shinkafa da masara ba su da wannan danƙo.

Jariri mai wata 6 zuwa shekara 2 cikinsa ƙarami ne. Dusa mai yawa takan cika masa ciki kafin ya sami abin da jikinsa ke bukata. Kununsa a tankaɗe garin da kyau, a ƙara gyaɗa ko wake ko madara, a ci gaba da ba shi nono.

Dusa tana da wani abu da ke hana jiki ɗaukar duk sinadarin ƙarfen da ke cikinta. Jiƙa ƙwaya, da barin ƙullu ya yi tsami, suna rage ƙarfin wannan abu. Lemun tsami ko ɗanyen tumatir a gefen abinci su ma suna taimakawa.

ABIN DA YA SHAFI NIJAR

Dinkel tana son dogon sanyi, zafin Nijar bai dace da ita ba. Wanda ya ga tallarta a birni da tsada, ba sai ya fid da kuɗinsa ba. Alkama tana nan a ƙasa. Ana noma ta lokacin ɗari da ban ruwa, a garakan Ayar cikin jihar Agadas, da gandun noman rani na Ƙwanni. Idan aka wanke ta, aka shanya, aka niƙa ta da dusarta, amfaninta ga jiki ya yi kusa da na dinkel. Duk dabarun dafuwar da aka faɗa a sama suna aiki da ita. Funkaso da alkaki da tuwon alkama na iyaye da kakanni da irin wannan gari ake yin su. Yawancin fulawar burodi kuwa daga waje ake sayo ta, kuɗinta waje yake tafiya.

Hatsi da dawa ma ƙwayarsu kashi uku ce. Surfe mai yawa yana fid da fata da ido, ya bar farin ciki. Tuwo ya yi fari, amma awaki ne suka sami rabo mai kyau. Surfe kaɗan ya isa a cire datti da ƙaiƙayi. Wannan ya fi muhimmanci ga mata masu ciki da masu shayarwa, don su ne ƙarancin jini ya fi kamawa.

Sai kuma maganar iri. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don girmama gero da danginsa, saboda juriyarsu ga fari. Sabon iri yana da amfaninsa, yana nuna da wuri. Amma manomin da ya karɓi sabo, ya kamata ya ware ƴan damma na tsohon irin garinsu kowace kaka, ya zaɓi kawuna masu kyau, ya ajiye su dabam a rumbu, ya kuma shuka su a gefen gona idan damina ta faɗi.