Animoni, Furen Teku Mai Kyan Ɗan Maciji

Wanda ya fara ganinta a cikin akwatin gilashi zai rantse fure ne. Ga ta lafe a jikin dutse, koriya ko ja ko ruwan hoda, yatsunta masu laushi suna rausaya duk inda ruwa ya kaɗa su. Amma a jefa mata ɗan guntun jatan lande a gani. Nan da nan yatsun za su naɗe shi, su miƙa shi tsakiya inda baki yake, ya ɓace. Animoni dabba ce, mafarauciya kuma, kyanta kuwa kyan ɗan maciji ne. Ta daɗe tana rikita masu lura, domin Aristotal na ƙasar Girka ma ya ajiye ta ne a tsakanin tsiro da dabba.

Halittarta ba ta da yawan kaya. Ba ƙashi, ba ido, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa. Jaka ce ta tsoka, a ƙasa tana da tafin da take manne wa dutse, a sama ƙofa ɗaya tak, ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma saura ke fita. Makaminta yana cikin yatsun. Kowane yatsa cike yake da dubban ƙananan ƙwanso da ido ba ya gani, a cikin kowanne akwai zare mai dafi a nannaɗe. Da abu mai rai ya goga, sai zaren ya harba cikin saurin da ba safai ake samun irinsa a halittu ba. Ƙwanso ɗaya harbi ɗaya yake yi, jiki ya sake ƙera wani.

Dangi ɗaya suke da murjani. Jan murjanin da matan Hausa suka daɗe suna ado da shi, wanda fatake ke ƙetaro Sahara da shi daga Bahar Rum, ƙashin wasu 'yan'uwanta ne. Masu gina tuddai a ƙarƙashin teku wani reshe ne na dangin, ƙananan halittu masu kama da ita, kowace zaune a cikin ɗan kofin farar ƙasa da ta gina wa kanta. Alhazan da suka riƙa ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda ta kan irin waɗannan tuddai jiragensu suka bi, kuma ɗaya daga cikinsu, Sanganeb na ƙasar Sudan, ya shiga jerin wuraren gado na duniya na hukumar UNESCO a 2016.

Animonin ruwan ɗumi tana da wani sirri a cikin tsokarta. Wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya ce ke zaune a ciki, tana sarrafa hasken rana ya zama abinci, ta ci ta ba mai gida, mai gida kuma ta ba ta mafaka da taki. Shi ya sa ba ta rayuwa a akwati sai da fitila mai ƙarfi. In zafi ya yi yawa ko haske ya gaza, gansakukar ta fice, animoni ta koma fara fat. Mai saye yakan ga wannan farin ya ɗauka ado ne, alhali yunwa ce. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Ruwan da take so shi ne mai gishiri kusan giram 35 a kowace lita, da ɗumi tsakanin digiri 24 da 27, wanda ba ya hawa yau ya sauka gobe. Gogaggun masu kiwo ba sa saka ta a sabon akwati sai ya yi wata shida zuwa shekara, ruwansa ya natsu. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa.

Babban abin da ya raba ta da murjani shi ne tafiya. Murjani inda aka dasa shi nan zai zauna, ita kuwa in hasken wurin ko kaɗawar ruwan ba su yi mata ba, sai ta zame a kan tafinta a hankali, ko ta saki dutsen gaba ɗaya ruwa ya ɗauke ta. Duk abin da ta goga a hanya ta harbe shi. Wani lokaci tafiyar takan ƙare a bakin injin kaɗa ruwa, ya yayyanka ta cikin dare, kafin gari ya waye dafinta da ruɓarta sun gurɓata akwatin, kifaye sun bi ta. Wake ɗaya ke ɓata gari. Don haka ake rufe bakin injin da raga, kuma ake fara saka ta ita kaɗai, a bar ta ta zaɓi mazauninta, sannan a jera sauran a nesa da iyakar miƙewar yatsunta. Wasu sukan ware mata tsibirin dutse da yashi ya kewaye. Wanda ya ce zai ɓamɓare ta da ƙarfi ya mayar inda idonsa ke so, tafinta zai yaga, ita kuma ba za ta fasa tafiya ba. Hali zanen dutse ne.

Tsakaninta da murjani sai dai a ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Waɗanda suka fi jure mata su ne masu laushi marasa ƙashi, irin su Sarcophyton mai kama da fata da Xenia mai buɗe yatsu tana rufewa, domin ko an harbe su sukan warke da wuri. Sai dai masu kama da fatan nan suna da nasu yaƙin na ɓoye, sukan zuba sinadarai a ruwa don hana maƙwabta girma, maganin wannan kuwa shi ne tace ruwa da gawayin da aka sarrafa da yawan sauya wani ɓangare nasa. Acropora mai rassa, wanda ya fi tsada da wuyar sha'ani, shi ya fi shan kashi, gogar dare ɗaya ta isa ta bar reshe fari ba nama. Galaxea da Euphyllia kuwa ba kanwar lasa ba ne, da dare sukan miƙa dogayen yatsun yaƙi su rama. Akwai kuma Palythoa mai shimfiɗa a kan dutse, wadda wasu ire-irenta ke ɗauke da gubar da ke iya kwantar da mutum a asibiti, ba a taɓa ta sai da safar hannu da tabarau, ba a kuma tafasa dutsen da ta zauna a kai. Ko animoni biyu mabambanta jinsi ba su cika shiri a akwati ɗaya ba.

Duk da wannan zafin rai, tana da aminai. Na farkonsu shi ne ɗan kifin nan ruwan lemo mai fararen ɗamaru, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya shigar da shi gidajen duniya. Jinsinsa kusan 30 ne, a Bahar Maliya da tekun Indiya da na Fasifik, babu shi a Atilantika. Cikin ire-iren animoni fiye da 1,000, goma kacal ke karɓar baƙuncinsa. Wani yauƙi ne a jikinsa ke hana ƙwanson harbi tashi, kuma in ya zo sabon gida yakan fara da ɗan goga fiffike da ciki, ya ja da baya, ya dawo, har ya saba. Zaman nasu cuɗe ni in cuɗe ka ne. Ita ta tsare shi daga manyan kifaye, shi ya kori masu gatsar yatsunta, kashinsa ya ciyar da gansakukar jikinta, motsinsa cikin dare ya shigar mata da sabon ruwa. Gidan yana da tsari: mafi girma ita ce mace, na biye shi ne mijinta, sauran ƙanana suna jira. In macen ta mutu, mijin ne ke rikiɗa ya zama mace, na bayansa ya hau matsayinsa. A gindin animoni ake saka ƙwai, uban ya yi ta yi musu fifita kusan mako guda har su ƙyanƙyashe cikin dare.

Ban da kifin, akwai 'yar kaguwa fara mai ɗige-ɗige da ke fakewa a ƙarƙashin yatsu, tana tace abinci daga ruwa da wasu gaɓoɓi masu gashi, ba ta cutar da kowa. Akwai jatan lande mai jiki garau da ke yawo a kan animoni, amma in aka bar shi da yunwa yakan gutsiri yatsun mai gidan. Akwai jatan lande mai shara, ja da farin layi a baya, wanda ke bin jikin kifi yana cire masa ƙwari kamar yadda carki ke yi wa shanu. Shi ma ba ya cuta, illa yakan zura hannu ya sace abinci daga bakin animoni, don haka a fara ba shi nasa. Dodon koɗi masu lasar gansakuka a gilashi kuwa ba ruwansu da kowa. A teku abin ya fi haka ban mamaki. Wata kaguwa mai zama a bawon katantanwa takan ɗora animoni a bayanta don tsaro, in za ta sauya bawo ta lallaɓa ta ɗauke ta su koma tare. Wata ƙaramar kaguwar kuma, Lybia, riƙe take da 'yar animoni a kowane hannu tana kai naushi da su, kuma binciken da aka wallafa a 2017 kan ta Bahar Maliya ya nuna in ta rasa ɗaya sai ta tsaga ɗayar biyu, kowane ɓari ya warke ya zama cikakke.

Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Tauraron teku mai baƙaƙen ƙulli a baya yakan hau kan animoni da murjani ya narkar da su, wasu kifayen malam-buɗe-littafi kuma yatsunta ne abincinsu. A ɗaya gefen, haɗa dokin teku ko ƙananan kifaye masu nawa da babbar animonin shimfiɗa, Stichodactyla, ba wa kura ajiyar nama ne.

A 1828 wani masanin halittu ɗan Sikotilan, Sir John Dalyell, ya ɗauko wata 'yar animonin ruwan sanyi daga gaɓar teku ya sa a kwalba. Ya rasu a 1851 ya bar ta, ta yi ta sauya masu riƙo a birnin Edinbara, ta haifi ɗaruruwan 'ya'ya, har aka raɗa mata suna Kaka, ba ta mutu ba sai 1887. Dabbar da ke iya irin wannan tsawon rai bai kamata ta ƙare cikin wata uku a hannun mai gaggawa ba. Manyan animonin teku ba sa saurin maye gurbi, kuma duk wadda aka ɓamɓaro an bar gidan kifaye a fili, masu farauta su tsince su. Akwai mafita. Entacmaea quadricolor, mai kumburin kan yatsu, ita ta fi sauƙin riƙo, kuma takan rabe biyu da kanta a akwati, masu kiwo su riƙa miƙa wa juna. Kifi mai ɗamara ma ana ƙyanƙyashe shi a gonakin kifi, yana kuma rayuwa lafiya a gilashi ko babu animoni. Wanda ke da fitila da fili da haƙuri ya nemi haihuwar akwati ya riƙe ta da amana. Wanda bai da su ya bar ta a tekunta, ya fi masa lada.